Tace Fina-finai Da Hana Littattafai: Wa Ake Karewa?

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu zai tarar da unguwannin da masana'antu suka haifa, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, har zuwa Sabon Tasha da hanyar Kachia inda matatar man fetur take. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Aikin albashi ya tara Hausawa da Gwari da Bajju da Tibi da Ibo da Yarabawa a layi ɗaya, sau da yawa ma a gidan haya ɗaya. Ma'aikaci kuwa in ya tashi daga aiki yana bukatar abin da zai kalla ko ya karanta, saboda haka fim ɗin Indiya da na Amurka da na Hausa da na Ikko duk sun sami masu so a wannan gefe, haka nan ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. Yawancin masaƙun sun yi shiru yanzu, ita Kaduna Textiles tun 2002, amma kallo da karatu ba su tsaya ba, sai dai sun koma cikin wayar hannu.

Tambayar da ta daɗe tana bin wannan kallo da karatu ita ce: wa ke da ikon ya ce wa baligi ga abin da zai gani, ga kuma wanda ba zai gani ba? Mutumin Kaduna ba ya ɗaukar wannan tambaya da wasa, domin ya san abin da magana ke iya jawowa. A watan Fabrairu da na Mayu na 2000 rikicin da ya taso kan batun Shari'a ya ci rayuka fiye da 1,000 ko a lissafin hukuma, ya kuma raba garin, Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. A watan Nuwamba na 2002 kuma wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa martabar Annabi Muhammadu (SAW), ya zama sanadin wani tashin hankali da ya hallaka mutum fiye da 200, duk da haƙurin da jaridar ta yi ta bayarwa. Aka ƙona ofishinta na Kaduna, gasar kuma aka mayar da ita London. Wanda ya ga waɗannan kwanaki da idonsa, in aka ce masa ya kamata hukuma ta riƙa duba abin da ake fitarwa ga jama'a, ba zai yi gardama ba.

Amma yarda da cewa magana na iya ta da gari abu ɗaya ne, sanin irin maganar da hukumomi suka hana a ƙasar nan kuwa wani abu ne daban. In aka bi jerin fina-finai da littattafan da aka sa wa takunkumi ɗaya bayan ɗaya, za a ga ba safai suka yi kama da abin da ya ƙona Kaduna ba.

Asalin Dokar

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da tace fim. Sun fara da dokar gidajen wasa ta 1912, sa'an nan a 1933 suka yi dokar silima wadda ta tanadi kwamitin masu duba kowane fim kafin a nuna shi. Babbar damuwarsu ita ce kada talaka ya ga Bature cikin halin da zai zubar masa da kwarjini, ko ya ga abin da zai koya masa bore. A Arewa ma gwamnati ba tacewa kaɗai take yi ba, ita ce mai fim ɗin da kanta. Motar majigi takan shiga gari ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko hakimi, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga da tsabtace rijiya da amfanin biyan haraji. Irin su Baban Larai daga wannan gida suka fito. Wanda ya kauce wa wannan layi kuwa yakan gamu da 'yan sanda. Hubert Ogunde, mai wasan kwaikwayo na ƙasar Yarabawa, ya shirya wasa a 1950 kan harbin ma'aikatan haƙar kwal 21 da aka yi a Inugu a 1949, da ya kawo shi Arewa hukuma ta hana nuna shi a Kano. Bayan samun mulkin kai ma bai tsira ba, domin gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyarsa wasa a 1964 saboda Yoruba Ronu, wanda Firimiya Akintola ya ɗauka da shi ake.

Dokar silima ta 1963 ta gaji ta Turawa, ta kuma yi aiki har lokacin da kaset ɗin bidiyo ya zo ya sha gabanta. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, Living in Bondage ya fito a Ikko a 1992, ga kuma doka ba ta san wani fim ba sai wanda ake haskawa a gidan silima. Wannan ya sa Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Bidiyo ta Ƙasa da Dokar Soja mai lamba 85 ta 1993. Aikinta iri biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya bambanta su. Na farko shi ne rarraba fina-finai bisa shekarun masu kallo: wannan na kowa da kowa ne, wannan sai da kulawar iyaye, wancan na 'yan shekara 12 ko 15 ko 18 zuwa sama. Wannan shawara ce ga iyaye da masu gidajen kallo, ba wanda ya rasa kome. Na biyu shi ne hana fim fita ɗungurungum, in hukumar ta ga zai iya taɓa tsaron ƙasa, ko ɓata tarbiyya, ko hura wutar gaba tsakanin addinai da ƙabilu. Kalmomin nan suna da faɗi ƙwarai, kuma jami'in da ke zaune a ofis shi ke auna faɗinsu.

Akwai wani wuri a Tsarin Mulki na 1999 da ɗalibai da ma'aikata ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne mabuɗin abin da ya faru daga baya. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya da tarbiyya. Sa'an nan a Jadawali na Biyu, kashi na biyu, sakin layi na 16, aka ce Majalisar Tarayya na iya kafa hukumar tace fina-finai, amma hakan bai hana kowace jiha kafa tata ba, kuma takardar tarayya ba ta ba mutum izinin nuna fim a jihar da ke da tata hukumar ba sai ita ma ta amince. Ma'ana, fim ɗaya na iya zama halal a Kakuri, ya zama laifi da zarar motar da ke ɗauke da shi ta wuce Kwanar Dangora.

Littafi ba ya cikin wannan sakin layi. Babu wata hukumar tarayya da marubuci zai kai wa rubutunsa kafin ya buga. Ana kama littafi ne ta wasu ƙofofi, kamar dokar cin amanar hukuma da ta batsa da ta ɓata suna. Misalin da ya fi shahara a Kaduna aka haife shi. An tsare Wole Soyinka daga 1967 zuwa 1969 lokacin yaƙin basasa ba tare da shari'a ba, mafi yawan wannan lokaci a gidan yarin Kaduna, shi kaɗai a ɗaki, an hana shi takarda da alƙalami. Abin da ya iya rubutawa a ɓoye ya zama littafin The Man Died, wanda aka buga a 1972. A 1984 wata kotu a Ikko ta hana sayar da shi bayan ƙarar ɓata suna da Femi Okunnu, tsohon kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, ya shigar. A shekarar ce kuma Dokar Soja mai lamba 4 ta tura 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara ɗaya. Shekara biyu bayan haka Soyinka ya karɓi kyautar Nobel, littafin kuma ya ci gaba da yawo a jakunkunan ɗalibai.

Daga Kano Zuwa Kaduna

Jihar da ta yi amfani da wancan sakin layi na 16 sosai ita ce Kano. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shirya fina-finai da nuna su, sa'an nan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano domin sana'ar ta ci gaba a ƙarƙashin sharuɗɗa. Shekaru shida aka yi ana tafiya da daɗi ba daɗi, har zuwa watan Agusta na 2007 da wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu a gari, aka gane wata 'yar fim a ciki. Ba fim ba ne, ba kamfanin da ya shirya shi, ba wanda ya kai shi kasuwa da sunan sana'a. Duk da haka sana'ar gaba ɗaya ce ta biya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga hukumar Hisbah, ya shugabanci hukumar tacewa, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka kuma fito da sababbin sharuɗɗa, ciki har da cewa kowane kamfani sai ya nuna jarin Naira miliyan 2.5, kowane ɗan wasa da mawaƙi kuma sai ya yi rajista. Aka haɗa hukumar da kotun tafi-da-gidanka wadda ke iya yanke hukunci a yini ɗaya.

Adam A. Zango ya sami ɗaurin wata uku a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa Bahaushiya. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya sami wata biyu a 2008. Waɗannan su ne sunayen da jaridu suka ɗauka. Waɗanda ba a ji sunansu ba sun fi yawa: masu shagon haya da masu tura waƙa a waya da masu gidan kallo, mutanen da jarinsu bai wuce talabijin ɗaya da janareto ba, waɗanda tara ɗaya ta isa ta rufe musu shago.

Masu fim ɗin da ke da halin tafiya sai suka tattara kyamarorinsu suka nufi Kaduna da Jos, inda dokar Kano ba ta kai ba. Tafiyar sa'a uku ce a mota. A Kaduna suka kama gidaje, suka buɗe ɗakunan haɗa sauti da hoto, suka ci gaba da aiki da takardar hukumar tarayya, kuɗin hayar gida da na abinci da na otal da a da ake kashewa a Kano suka dawo nan. Fina-finan kuwa ba su fasa komawa Kano ba, ta mota da aljihu. Har ma rigimar ta biyo su, domin a 2010 masu shirya fim na Jihar Kaduna sun kai shugaban hukumar ta Kano ƙara a kotun majistare a nan garin, kan wasu kalamai da ya yi game da su a tashar talabijin ta DITV.

Shari'ar da ta fi cancantar mutumin Kaduna ya tsaya a kanta ita ce ta Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Fim ɗinsa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa, labari ne na soyayya tsakanin ɓangarori biyu masu gaba, kuma kiransa shi ne ƙabilu da addinai su zauna lafiya. Sunan ma ya isa bayani ga duk Bahaushe. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma a Abuja a 2008. A ƙarshen shekarar kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure mai shi bisa zargin fitar da fim a Kano ba tare da tacewar jihar ba da gudanar da kamfani ba rajista, ko da yake shi ya nace cewa hukumar tarayya ta tace fim ɗin kuma ba a Kano ya sake shi ba. Ya yi kimanin wata uku a kurkuku kafin Babbar Kotu ta soke hukuncin a 2009 ta ce a sake shari'a. Jama'a ba su manta cewa mutumin ya tsaya takarar gwamna a 2007 ba, kuma yana cikin masu sukar hukumar a fili. Ko mene ne gaskiyar dalilin, sakamakon a bayyane yake: a ƙasar da aka yi abin da aka yi a 2000 da 2002, wanda ya kwana a gidan yari saboda fim shi ne wanda ya yi fim ɗin sulhu.

Marubuta ma guguwar ba ta bar su ba. Littattafan nan na Hausa da suka cika kasuwa tun wajen 1987, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, sun daɗe suna shan suka cewa suna ɓata 'yan mata. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taro aka ƙona tarin irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A 2008 hukumar tacewa ta ce kowane marubuci ya zo ya yi rajista ya kuma kawo littafinsa a duba, marubutan Kano a ƙarƙashin Ado Ahmad Gidan Dabino suka ƙi, har suka yi yajin rubutu kafin a sasanta. Lalle a cikin littattafan akwai na banza, kamar yadda ake samu a kowace kasuwa. Amma a cikinsu ne kuma Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta abin da auren dole da sakin wulaƙanci ke yi wa mace, kuma su ne suka sa dubban matan aure da ba su wuce firamare ba suka riƙe karatun boko. Wuta ba ta san wannan bambanci ba.

'Ya'yan Jihar Biyu

Hukumar tarayya ita ma tana da nata tarihin, kuma manyan misalanta biyu na shekarun baya sun faɗa kan 'ya'yan Jihar Kaduna. Ishaya Bako, haifaffen Kaduna, ya shirya wani gajeren fim na gaskiya da bai kai rabin sa'a ba mai suna Fuelling Poverty, kan zanga-zangar watan Janairu na 2012, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur lita ta tashi daga Naira 65 zuwa kusan 141, da kuma almundahanar da binciken Majalisar Wakilai ya tono a cikin kuɗin tallafin. Ba wani sirri a ciki. Hotunan zanga-zanga ne da zaman majalisa da kowa ya gani a talabijin. Mazaunin Sabon Tasha da ke ganin matatar mai kullum, yana kuma sayen fetur ɗin da aka shigo da shi daga waje, ba ya bukatar fim ya gaya masa akwai matsala. A watan Afrilu na 2013 hukumar ta hana nuna fim ɗin da rarraba shi, ta ce zai iya tunzura jama'a ya kuma taɓa tsaron ƙasa. Kafin wannan sanarwa mutane ƙalilan ne suka san da shi. Bayanta sai jama'a suka yi ta tururuwa zuwa YouTube, a shekarar kuma ya ci kyautar fim na gaskiya mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA.

Na biyun shi ne marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya mayar da littafin Chimamanda Adichie, Half of a Yellow Sun, zuwa fim. An shirya fara nuna shi a watan Afrilu na 2014, hukumar ta riƙe takardarsa har sai da aka yi gyare-gyare, bai fito ba sai watan Agusta. A nan za a iya yi wa hukumar uzuri fiye da na farko, domin fim ɗin ya nuna kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, ga zaɓe na ƙaratowa, ga kuma rikicin Boko Haram. Sai dai littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa yana kan kantunan ƙasar nan tun 2006, ana karantar da shi a jami'o'i, ba a kuma ji garin da ya tashi saboda shi ba. Watanni ukun da aka yi ana jira masu satar fasaha ne suka ci ribarsu.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara nesanta doka da abin da take son kamawa. Dokar 1993 an yi ta ne domin kaset da gidan silima. Da aka yi ƙorafi kan fim ɗin Gangs of Lagos a 2023, wanda kamfanin Amazon ya saki ta intanet, hukumar tarayya ta ce dokarta ba ta ba ta iko a kan irin wannan hanya ba. Marubutan Hausa da yawa sun daina zuwa maɗaba'a, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, mai karatu ya biya ta banki, kuma masu bin wannan fage sun san cewa abin da ake rubutawa a can ya fi wanda aka ƙona a 2007 tsauri nesa ba kusa ba. Kano ba ta saki nata layin ba. A 2023 ta hana amfani da littafin Queen Primer a makarantu, a watan Mayu na 2025 kuma hukumar tacewa a ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba tare da an kawo mata ta duba ba. Umurnin ya shafi masu shiryawa da ke da ofis a Kano, waɗanda dole su je su daidaita da hukuma. Bai shafi mai kallo a Makera ko Barnawa ba, wanda ya buɗe wayarsa a daren ya tarar da sassan da aka riga aka ɗora suna nan inda ya bar su.